Wane Irin Fetur Ne Ya Dace da Injin Ƙungiya?

'Yan'uwa manoma, tun ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, kuɗin fetur ya zama babban nauyi a kan kowace ƙungiya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Ƙungiyar da ke da a-kori-kura, ko injin ban ruwa a fadamar Gulbin Zamfara, ko babur na kai saƙo, ta san wannan a jikinta. To, da abu ya yi tsada sai maganganu su yi yawa a kansa. Wani ya ce man Nijeriya ba shi da ƙarfi, shi ke kashe inji. Wani ya ce motar da aka kawo daga Kwatano an rubuta 95 a murfin tankinta, wata kuma 87, wace ce ta fi? Ga kuma masu ƙananan kwalabe a tasha suna cewa a zuba a tanki, mai zai ƙara ƙarfi. Dukan waɗannan maganganu a kan abu ɗaya suke, watau lambar da ake kira oktan. Bari mu bi ta a hankali, gama kuɗin jama'a ne ke ciki.

Abin da ke faruwa a cikin inji

A cikin injin fetur akwai silinda, a cikin silinda akwai fistan mai hawa da sauka. Sa'ad da fistan ya sauka yakan zuƙo iska gauraye da tururin fetur. Sa'ad da ya hau sai ya matse su a ɗan ƙaramin wuri. Daidai lokacin da matsewar ta kusa cika, filogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama daga bakin filogi ta bazu zuwa gefe da gefe, kamar yadda wuta ke cin busasshiyar ciyawa daga gefe ɗaya na gona zuwa wancan. Zafin wutar ya tura fistan ƙasa, ƙafar mota ta juya, ko famfo ya ɗebo ruwa. Wannan yana faruwa sau dubbai a minti ɗaya.

Amma duk abin da aka matse yakan yi zafi. Wanda ya taɓa ba keke iska ya san yadda bakin famfo ke ɗumama. Idan matsewa da zafi sun fi ƙarfin man, sai ragowar man da wuta ba ta kai gare shi ba tukuna ya fashe da kansa, farat ɗaya. Wannan fashewa takan doki fistan da bangon silinda ba a kan lokaci ba. Ku tuna da mata biyu masu lugude a turmi ɗaya. Muddin kowace tana sauke taɓaryarta a kan lokacinta, daka yana tafiya. Idan ɗaya ta yi gaggawa, taɓare su haɗu, a ji ƙas, hatsi ya watse. Haka abin yake a cikin silinda. Daga waje za a ji wata ƙara siririya, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, musamman sa'ad da mota ta ɗauki kaya tana hawa tudu.

A nan sai a lura. Wannan ƙara dabam take da abin da kanikawa ke nufi in sun ce inji ya buga. Bugawar inji yawanci daga rashin baƙin mai ne, ko baƙin mai da ya lalace. Ƙarar tsakuwa kuwa daga ƙonewar fetur ce. Sai dai in aka ƙyale ta wata da watanni tana iya karya ringi, ta ƙone gaskit, har ta huda kan fistan. Ƙarshenta dai sauke inji ne.

Lambar oktan ita ce ma'aunin haƙurin mai, watau yadda zai jure matsi da zafi ba tare da ya fashe da kansa ba. Wani masanin sinadarai a Amurka, Graham Edgar, shi ya kawo ma'aunin wajen 1926. Ya ɗauki ruwan mai iri biyu. Ɗaya mai haƙuri ƙwarai, ana kiransa iso-oktan, aka ba shi lamba 100. Ɗaya kuwa mai saurin fashewa, ana kiransa heptan, aka ba shi sifiri. Idan aka ce fetur 91 ne, ana nufin a cikin injin gwaji ya yi haƙuri daidai da gaurayen kashi 91 na na farko da kashi 9 na na biyu. Shi ke nan ma'anar lambar. Ba ta faɗin yawan ƙarfin da ke cikin lita, ba ta faɗin tsabtar man. Lita ɗaya ta 95 da lita ɗaya ta 91 kusan ƙarfi ɗaya ne a cikinsu. Man gas ma ya fi fetur ƙarfi a kowace lita, amma a wajen haƙurin nan yana can ƙasa ƙwarai.

Saboda haka injin da aka ƙera domin 91, in ka zuba masa 95 ba zai ƙara gudu ba, ba zai rage sha ba. Wanda aka ƙera domin 95 kuwa, in ka ba shi 91, shi ne zai sha wahala.

Me ya sa wani inji yake neman lamba mai yawa? Ya danganta ga yawan matsewarsa. A ce silinda tana cin mudu 9 na iska sa'ad da fistan ke ƙasa, ya hau ya matse ta ta koma wurin mudu 1. Wannan shi ne matsewa 9 zuwa 1. Tsofaffin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da ƙananan injunan ban ruwa, da baburan da muke hawa, matsewarsu tana wajen 8 ko 9 zuwa 1. Sababbin motoci da yawa sun kai 10 ko 11, waɗansu kuma an sa musu turbo, wanda ke cusa ƙarin iska da ƙarfi. Yawan matsewa yana ba da ƙarfi da tsimin mai, amma yana bukatar mai mai haƙuri.

87 da 91 da 95

Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Ma'auni biyu ne ake rubutawa a duniya. Ƙasashen Turai da Afirka da Japan suna amfani da wanda ake kira RON. Amurka da Kanada kuwa sukan gwada mai ta hanya biyu, mai sauƙi da mai tsanani, su haɗa su raba biyu. Lambarsu takan fito ƙasa da ta RON da kamar 4 ko 5. Watau 87 na Amurka daidai yake da wajen 91 na RON, 91 na Amurka kuma wajen 95 ne. Don haka motar da ta fito daga Amurka da 87 a murfin tankinta ba ƙaramar mota ba ce, ba kuwa raunin inji ne ba. Ita ce ma ta fi dacewa da mu.

Dalili kuwa shi ne, a gidajen man da muke zuwa, ko a Gummi, ko Anka, ko Talata Mafara, ko Gusau, ko Sakkwato, famfon fetur iri ɗaya ne tak. Ma'aunin da hukuma ta ajiye masa yana wajen 91 na RON. Ko man ya fito daga matatar Dangote da ke Legas, wadda ta fara sayar da fetur a Satumba 2024, ko an shigo da shi ta jirgin ruwa, babu famfo na biyu da za ka nuna ka ce ba ni 95. Gwamnati takan kira fetur PMS, harafin farko kuwa yana tsaye ne a madadin kalmar "premium". Kada sunan ya ruɗe ku. A littafin motar Amurka wannan kalma tana nufin mai na 95 ko fiye, a nan kuwa suna ne kawai na fetur ɗin kowa da kowa.

To, tun da ba mu da zaɓi a gidan mai, zaɓinmu yana ranar sayen mota ne. Wannan shi ne abin da nake so kowane kwamitin ƙungiya ya riƙe. Kafin a biya kuɗi, a buɗe murfin tanki a duba bayansa, a kuma nemi littafin motar. In an ga 87, ko RON 91, lafiya lau. In an ga 95 ko 98, a sa wanda ya iya karatun Turanci ya duba da kyau, ko littafin ya ce tilas ne, ko kuwa shawara ce kawai, gama waɗansu motoci sukan rubuta 95 amma su yarda da 91 a matsayin mafi ƙanƙanta. Wadda aka ce tilas ne, ni dai a ganina ƙungiyar manoma ta bar ta, kome kyanta, kome arhar ta. Sau da yawa arhar ma dalilinta ke nan.

Wani zai ce, ai ga irin waɗannan motoci suna yawo a gari, ba mu ji suna ƙara ba. Gaskiya ne. Yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau suna da wata 'yar na'ura a jikin inji mai sauraron ƙarar nan. Da ta ji, sai ta gaya wa kwamfutar mota, ita kuma ta jinkirta tartsatsin filogi. Ƙara ta ɓace, inji ya tsira, amma ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Bari mu yi lissafi na misali. A ce mota tana tafiyar kilomita 400 a mako tsakanin kasuwanni, kuma saboda wannan jinkiri tana ƙara shan lita 1 a kowane kilomita 100. Lita 4 ke nan a mako, fiye da lita 200 a shekara. In lita tana naira 1,000, naira 200,000 sun tafi ba wanda ya ga fitarsu. Ku auna wannan da buhunan taki.

Injin ban ruwa da babur da tsohuwar mota mai kafireto ba su da wannan na'ura. Kunnen mai aiki da su shi ne na'urarsu.

Yadda mai ke lalacewa a hannunmu

Man da ya bar gidan mai yana 91 ba lalle ne ya isa fadama yana 91 ba. A nan ne yawancin wahalarmu take.

Na farko gauraye. Injin gas ba shi da filogi, matsewa kaɗai ke kunna mansa, don haka ana so man gas ya kama da kansa da wuri. Halin da ake so a gas shi ne halin da ake gudu a fetur. Kananzir ma haka. Kaɗan daga cikinsu in ya shiga fetur sai lambar ta faɗi. Ba kullum ha'inci ne ke kawo wannan ba. Jarka ɗaya ce a gida, jiya an sayo gas na injin niƙa, yau an sayo fetur na famfo, ragowar rabin lita tana gindi. Mazurari ɗaya, tiyo ɗaya. A janareto ƙarami da ake gauraya wa baƙin mai a fetur kuma, yawan baƙin man yana rage lambar, yana kuma toshe filogi. In littafin ya ce 50 zuwa 1, ana nufin mililita 20 a lita ɗaya, watau mililita 100 a lita 5. A sami abin awo, kada a zuba da ido.

Na biyu rana. Fetur gauraye ne na ruwaye masu yawa, waɗansunsu marasa nauyi ne, su ne ke fara tashi in zafi ya yi. Su ne kuma ke sa inji ya tashi da sauƙi, waɗansu a cikinsu suna taimaka wa lambar oktan. Man da ya yini a kwalbar roba a bakin hanya cikin zafin Afrilu, ko ya yi wata uku a jarka mai sakakken murfi, ya rasa wani abu daga cikinsu. In ya ƙara daɗewa sai ya yi danƙo ya toshe kafireto. Shi ya sa famfon da aka ajiye da mai a ciki tun farkon damina yakan ƙi tashi ranar da aka fito da shi domin noman rani. Kafin a ajiye inji, a rufe makullin mai, a bar shi ya yi aiki har ya mutu da kansa, a juye tankin.

Mun san dalilin da ya sa manomi ke zuwa wurin 'yan bumburutu. Gidan mai yana nesa, hanya kuma ba kullum take da lafiya ba. A 2021 gwamnatin Zamfara, saboda matsalar tsaro, ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita sayarwa ga Gusau da hedikwatocin ƙananan hukumomi, mai injin ban ruwa kuwa ba zai ɗauki injinsa ya kai famfo kowace safiya ba. Ba dukan masu sayarwa a galan ne ke gauraya mai ba, amma mai saye ya kamata ya gwada. Ga gwaji biyu da ba su cin ko kwabo. A ɗiga man a farar takarda a ajiye ta a inuwa, nesa da wuta. Fetur mai kyau zai bushe cikin 'yan mintoci ba tabo. In ya bar tabon maiƙo, akwai gas ko kananzir ko baƙin mai a ciki. Sa'an nan a zuba kaɗan a farar kwalba a bar shi ya natsu. In akwai ruwa zai kwanta a gindi, za a ga layinsa. Launi kuwa ba shaida ba ne, gama fetur yana iya zama fari ko ruwan ɗorawa ko ja-ja bisa ga inda aka tace shi.

Abin da ya faru a Fabrairu 2022 ya isa darasi a kan iyakar wannan lamba. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya sanar cewa fetur ɗin da aka shigo da shi daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam yana ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima. Motoci suka lalace a Legas da Abuja, aka janye man, layi ya dawo gidajen mai na makonni. Metanol kuwa lambar oktan ɗinsa ta wuce 100. Amma yana jawo ruwa, yana cin roba da waɗansu ƙarafa, ƙarfinsa a lita kuma wajen rabin na fetur ne.

In an ji ƙarar tsakuwa kada a yi saurin ɗora wa mai laifi. A duba ruwan lagireto. A injin da iska ke sanyaya shi, a duba ko ƙura da ƙaiƙayi sun cika tsakanin haƙarƙarin silinda. A duba ko filogin da aka sa lambarsa ɗaya da na asali, ko bakanike ya matsa taimin gaba don mota ta ji daɗin tashi, ko baƙin gawayi ya taru a kan fistan. Direba kuma ya dubi kansa. A-kori-kura mai buhu ashirin na gero tana hawa tudu a giya ta huɗu, dole ta yi kuka. A sauko ta biyu ko ta uku.

Kwalaben ƙarin ƙarfi, da labarin dalma

Neman abin da za a ɗiga a fetur ya ƙara haƙuri ba sabon abu ba ne. A Disamba 1921 wani injiniya na kamfanin General Motors a Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa ɗan kaɗan na wani sinadarin dalma yana kashe ƙarar nan. A 1923 aka fara sayar da fetur mai dalma, duniya duka ta bi. Dalmar tana fita ta salansa ta shiga iska da ƙurar hanya da jinin yara. An yi shekara fiye da hamsin kafin a fara janye shi da gaske. Amurka ta hana shi ga motoci a 1996. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka yi yarjejeniya a Dakar a 2001, suka daina zuwa farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

A wannan yanki namu ba sai an yi wa kowa bayanin abin da dalma ke yi wa yaro ba. A 2010, a Yargalma ta Bukkuyum, da Dareta da Abare da sauran ƙauyukan Anka, yara wajen 400 suka rasu, aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa sai a 2013 aka tsabtace ta. Waccan dalma daga dutsen zinariya ta fito, wanda aka niƙa a cikin gari, ba daga fetur ba. Amma guba ɗaya ce. Fetur ɗin da muke saya yau babu ita a ciki, kuma babu injin da ke hannun ƙungiya da ke bukatar a mayar masa da ita. In wani tsohon direba ya ce man dā ya fi, a gaya masa abin da ke cikin man dā.

Kwalaben da ake tallatawa yanzu, da yawansu sinadarin wani ƙarfe ne a ciki, manganis ko baƙin ƙarfe. Sukan bar jan tsatsa a bakin filogi, a sabuwar mota kuma suna lalata na'urorin da ke cikin salansa. Ƙarin da suke yi sau da yawa bai kai lamba ɗaya cikakkiya ba. Ba za su mai da 91 ya zama 95 ba, ba za su gyara man da aka gauraya da kananzir ba. Wadda babu rubutu a jikinta kuwa, ba wanda ya san abin da ke ciki, kada a shigo da ita gida inda yara suke. Jefa ƙwayar kafur a tanki ma a bar shi, tana iya toshe matatar mai da kafireto. Har wa yau a daina zuƙo fetur da baki ta tiyo, a daina wanke hannu da shi. Ko ba dalma, akwai sinadarin benzin a ciki, wanda likitoci suka tabbatar yana kawo kansar jini.

Tun 2023 manoman rani da yawa a Arewa sun juya injunan ban ruwansu zuwa iskar gas ta girki. Ta wajen oktan babu damuwa. Abin lura shi ne yoyo. A sa tiyo da regileto na kirki, a gwada mahaɗai da ruwan sabulu, tukunya ta zauna a tsaye a inuwa nesa da salansa.

Ga ƙungiyar da ke zama a kan fetur, abin yi kaɗan ne. A riƙa saye wuri ɗaya da aka sani, a karɓi rasit in ana bayarwa. Jarkar fetur dabam, ta gas dabam, a shafa musu fenti kala biyu domin wanda bai iya karatu ba ma ya gane. A sayi abin da zai ƙare cikin wata ɗaya, a ajiye a ɗaki mai iska wanda ba a kwana a ciki, ba a girki kusa da shi. Ma'aji ko sakatare ya buɗe littafi mai layi huɗu: rana, inda aka sayi man, lita nawa, awa nawa famfo ya yi ko kilomita nawa mota ta yi. Bayan wata biyu ƙungiya za ta san lita nawa injinta ke sha a awa. Ranar da lissafin ya canza, sai a koma layi na biyu a ga daga ina man ya fito, in kuwa wuri ɗaya ne da na kullum, a kira bakanike ya buɗe filogi.